Tauraro Ba Ya Ganin Kututture

Kun gani, kar ma wanda ya fara yi mini rantsuwa. Abu biyu na ɗora muku a shafin nan wancan makon: taswirar ƙauyenmu da aka shafe da jan launi kamar an yi yanka a kanta, da hoton yadin batik ɗin da saurayina Bang Sahrial ya aiko mini. Taswirar kuka tsallake kamar kashin kaza a bakin ƙofa. Yadin kuwa, har yanzu wayata ba ta huta ba. "Idar, wane tela za ki kai wa?" "Idar, yaushe ne ranar?" "Idar, ki rufa wa kanki asiri ki amsa masa, irinsu ba sa zuwa sau biyu." Wata ma cewa ta yi in daina cika ku da zancen gona, ita soyayya ta zo karantawa. To 'yar'uwa, gyara zama. Yau soyayyar da gonar a kwano ɗaya zan zuba miki, in kin iya ki tsince.

Ga waɗanda yau suka shigo: sunana Yusnidar, a gida Idar. 'Yar Rantau Kelumbi ce ni, can bakin kogin Batanghari, amma a birnin Jambi nake aiki, a wata ƙaramar ƙungiya mai ɗaki biyu a saman shagon gyaran waya. Aikina kallon ƙasa daga sama. Tauraron ɗan'adam ya ɗauko hoto, ni kuma in zauna gaban kwamfuta in ware: nan daji, nan gonar shinkafa, nan kwakwar manja. Kwakwar manja ba ta da wuyar ganewa. A jere ake shuka ta, layi bayan layi, daga sama sai ka ga kamar an saƙa tabarma. Ko da barci a idona zan nuna muku ita.

Wadda take da wuya ita ce gonar roba irin ta kakanninmu. Su ba su san layi ba. Inda mutum ya tsaya nan zai dasa, ya bar itatuwan marmari irin su durian da duku a gefe, ya bar duk abin da tsuntsu ya yar ya tsiro. Bayan shekaru sai wuri ya rufe ya yi duhu. In kana ciki ka san gona ce, don ga kofunan ɓawon kwakwa rataye a jikin itatuwa suna tarar ƙaro. In daga sama kake, daji ne kawai.

Nan ne bala'in ya shigo. Masu sayen manja na ƙasashen waje sun kafa doka: ba sa son man da ya fito daga wurin da aka sare daji bayan wata shekara da suka yanke. Ni ban ƙi dokar ba, wallahi da hannu biyu na karɓe ta, don na ga abin da manyan kamfanoni suka yi wa dazukanmu. Amma Bak, mahaifina, bayan wannan shekarar ya sare tsofaffin robarsa. Sun daina ba da ƙaro, farashi ya mutu, ya rufe ido ya dasa kwakwar manja kamar yadda rabin ƙauyen suka yi. Ya yi shekaru yana zuba taki yana jira. Bana ne ta fara haihuwar kirki. Sai ga taswirar masu saye ta iso: gonar Bak ja, ta maƙwabta ja. Wai daji suka sare. Masana'antar tatsar mai ta ce daga sabon wata ba za ta karɓi ko kan kwakwa ɗaya daga jar gona ba.

Ba mu muka zana wannan taswirar ba, amma muna da hanyar ɗaukaka ƙara. Sharaɗin shi ne shaida a ƙasa, wadda masu bincike za su zo su taɓa da hannunsu. Na yi kwanaki ina juyi, sai rannan ina wanke kwano abin ya faɗo mini: kututturai! Duk bishiyar robar da aka taɓa tatsa tana ɗauke da tsaga a jikinta, layi a karkace, wani ƙarƙashin wani, har kusan gindi. Wasu ma ɗan ƙarfen da ƙaro ke bi ya ɗiga yana nan a maƙale, ɓawo ya haɗiye shi. Itacen daji ba shi da wannan. Da yawa sun ruɓe, gara ta gama da su, amma manyan suna nan tsakanin layukan kwakwa, wasu har sun sake toho. Kututture ɗaya mai tsaga ya fi rantsuwar mutum ɗari.

Da kumfar sabulu a hannuna na ɗauki waya. Kun san wanda na fara faɗa wa? Ba shugabar ofishinmu ba. Ba Bak ba.

"Bang, na samo mafita!" Na rubuta masa komai, dalla-dalla, har da ƙarfen.

Amsa ta zo nan take: "Kai, Dik, wannan kan naki sai a saka shi a gilashi." Da jar zuciya a ƙarshe.

Dik yake kirana, wato ƙanwa, ni kuma in ce masa Bang, wato yaya, tun muna jami'a, tun lokacin da yake tsayuwa da babur a ƙofar hostel cikin ruwan sama, rigarsa ta manne masa a jiki, yana riƙe da ledar soyayyar ayaba don kar in kwana da yunwa. Ba wanda ya tilasta mini shi, ku ji da kyau. Ni na gan shi na ce ina so. Yanzu shi ne jami'in sayen kaya a masana'antar. Mahaifinsa kuma, Haji Tamrin, shi ne babban dillalin kwakwa a yankinmu, mai sikeli da tifofi, mai gonar da ta fito kore shar a taswira, don tun da daɗewa ya dasa tasa.

Ranar Laraba Mak, mahaifiyata, ta kira.

"Idar, Juma'a kina gida."

"Dama ina tafe, Mak. Akwai hotunan da zan ɗauka a gona."

"Ban tambaye ki hotuna ba. Ki taho da koriyar rigar nan, ba wandon da kike yawo da shi kamar mai facin taya ba. Mutanen Sahrial za su kawo sirih."

Gabana ya faɗi, irin faɗuwar nan mai daɗi. A wajenmu in aka kawo akwatin ganyen sirih, uban yarinya ya buɗe ya tauna, magana ta zauna.

"Mak, da wuri haka?"

"Da wuri? Sa'o'inki suna kai yara makaranta, ke kina can kina leƙen duniya ta saman kai. Ki zo dai. Kuma ki shafa wani abu a fuskar nan."

Na ninke rigar, na sa a jaka tare da takalmin gona. Ina cikin mota saƙon Sahrial ya shigo: "Yau zan gan ki cikin kore?" Na mayar: "Ango ba ya shiga, ka manta?" Ya ce: "Zan laɓe a mota kamar ɓarawo." Na yi ta murmushi ni kaɗai har matar da ke kusa da ni ta leƙo wayata.

Murmushin bai kai gida ba. Daga mararraba na hau babur, muna shan kwanar makabarta na ji ƙugin inji. Katafila ce, ruwan ɗorawa, a tsakiyar gonar maƙwabcinmu Wak Somad (Wak muke ce wa manya, mace ko namiji). Ta kafa haƙoranta a gindin wani kututture, ta girgiza, ta tumɓuke shi da saiwa, ta juya ta jefa a wani dogon rami da ta haƙa a bakin gona. Ramin ya kusa cika. Ban san lokacin da na diro ba.

Wak Somad yana tsaye da tawul a wuya, yana ta washe baki.

"A'a, 'yar tauraro ce? Sannu da hanya! Ki gaya wa maigidan naki na sama ya sake leƙowa. Yanzu tas take, ko tsinke ba zai gani ba."

"Wak, me kuke yi haka?"

"Shara mana. Ba an ce mun sare daji ba? To ina dajin? Ina kututturen? A nuna mini."

"Wak, tauraro ba ya ganin kututture! Ɗigo ɗaya a hotonsa ya kai faɗin gidanka har da kejin kaji. Ba kututture ya gani ba, inuwar da ta ɓace ya gani, kuma wannan hoton an riga an ɗauka tun shekarun baya!"

Ya kalle ni irin kallon da ake yi wa yaron da ya yi tusa a masallaci.

"Ke Idar, shekarar da na sa wa ciyawa wuta, wa ya kai ƙarata? Ba shi ba? Ban gama wanke hannu ba sai ga 'yan sanda. Wanda ya hango hayaƙi daga can shi zai kasa hango abin da ya kai ƙuguna?"

Ku faɗa mini, ta ina zan fara? Mutum ya taɓa shan duka daga sama, dole ya ɗauka sama tana ganin har abin da ke aljihunsa. Na yi bayani, na maimaita. Na ce waɗannan da kake binnewa su ne kaɗai za su tsaya maka. Ya ce to ai gobe ma rana ce, in je in huta, na sha rana. Wannan "gobe ma rana ce" ita ta kashe mu a ƙauyen nan, wallahi ita ce.

"Wa ya kawo motar?" na tambaya.

"Allah dai ya saka wa Haji Tamrin. Ko na mai bai karɓa ba. Gida-gida take bi, an gama na gabas. Angonki ne ma ya rako ta da kansa." Ya kashe mini ido. "Kin yi dace, yarinya. Gobe da safe gonar ubanki za ta shiga."

Ban tuna yadda na ƙarasa gida ba. Na dai ga kaina a gindin matakalar katako, takalma jere, an wanke dandamali har yana ƙyalli. Mak ta fito da faranti na cikin kabad ɗin gilashi, waɗanda tun ina yarinya ban taɓa ganin an ci abinci a cikinsu ba. An shimfiɗa sabuwar tabarma. Ƙamshin miyar kifi da tsimammen durian ya cika ko'ina, abincin da nake mafarkinsa a birni, amma ranar ko kallon tukunyar ban yi ba.

Bak yana zaune bakin taga da farar riga da baƙar hula, yana goge gilashinsa. Na durƙusa na sumbaci hannunsa, ban ko miƙe ba na fara.

"Bak, ka hana motar nan shiga gonarmu."

"An iso lafiya?"

"Bak, don Allah. Kututturan nan su ne shaidarmu."

Na zayyana masa. Ya saurara har ƙarshe, don shi ba ya katse mutum. Sannan ya mayar da gilashin a fuska.

"Na riga na ce wa Haji to."

"Sai ka ce masa a'a!"

"Yau? Ranar da 'yan'uwansa za su hau matakalata?" Ya juya wajen taga. "Kin san abin da aka kira ni a takardar nan, Idar? Mai ɓarnar daji. Ni. Ubana ya dasa itatuwan nan, na tatse su har suka tsufa a hannuna, ranar da zan sare su ban iya cin abinci ba. Kullum na shiga gona sai na gan su a tsugune suna kallona. In an kwashe, ƙila in huta."

Na buɗe baki, Mak ta fizgo ni ta baya.

"Wuce ki yi wanka! Kina warin mota kina yi wa ubanki lacca. Duk abin da ke bakinki ki haɗiye shi sai baƙi sun tafi."

A ɗaki ta sa ni gaba. Koriyar rigar har gwiwa, zanin batik ɗin da Sahrial ya aiko, sarƙar kakata mai nauyi. Ta naɗa mini ɗaurin kai da hannunta, tana ja kamar da gashina take faɗa.

"Mak, kin san me motar nan take yi?"

"Na san yaron kirki ya ce zai riƙa karɓar kwakwar ubanki ko ja ce ko shuɗiya. Abin da na sani ke nan. Tsaya cak. Ke komai sai kin tona? Wata rana za ki tona ki faɗa ciki."

Bayan la'asar suka iso: kawun Sahrial, da gwaggonsa Wak Zaleha, mace mai awarwaron zinariya har gwiwar hannu, ɗauke da akwatin tagulla a naɗe cikin yadi mai zaren gwal. Aka zauna, aka fara irin zagaye-zagayen manya, wai sun ga wata fure a lambun nan, ko tana da mai ita. Ni ina bayan labule, gumi na bin bayana. Wayata ta yi motsi.

"Ina bakin masallaci. Leƙo ko sau ɗaya, Dik."

Na tattare zani na bi ta matakalar kicin.

Yana jingine da farar motarsa, riga mai ruwan toka a goge, gashi a kwance. Da ya gan ni sai ya dafe ƙirji.

"Subhanallah. A kira mini likita."

Kar in yi muku ƙarya, zuciyata ta motsa. Ta motsa, kuma na ji haushinta.

"Bang, ka karanta saƙon da na turo maka kan kututturai?"

Murmushin ya ɗan rage. "Na karanta."

"Ka gane shi?"

"Dik, yau ranar farin ciki ce."

"Haji ya san da shi?"

Ya kalli ƙasa, ya ture wani dutse da takalmi.

"Hira muke a kan abinci. Na ba shi labari ne don ya san irin matar da na samo. Wallahi alfahari nake da ke."

"Sai washegari ya ga ya dace ya yi wa ƙauye sadaka da katafila."

"Mutane ne suka roƙa! Su suka ce suna tsoron kututturan."

"Kai kuma da ka san gaskiya ka rako ta har gona."

"Ubana ne, Idar. In ce masa me?" Ya matso, ya rage murya. "Tsaya ki ji. Ƙarar taki wata nawa za ta ɗauka? Masu binciken yaushe za su zo, bana ko baɗi? Kwakwa in an yanko ta, kwana biyu ta fara tsami. Mutanen nan taswira za su dafa? Mu gonarmu kore ce. Su kawo mana, mu shigar da sunanmu, kowa ya ci abinci. Wa aka cuta?"

A nan bai yi ƙarya ba, kuma shi ne abin da ya fi ƙona ni. Ni kaina ban san ranar da masu binciken za su zo ba.

"A wane farashi?" na ce.

"Wannan Haji ne zai faɗa."

"Zuwa yaushe?"

Ya kau da kai. Ba sai ya amsa ba. In kututturan suka tafi, ja ya zauna ke nan har abada. Babu masana'antar da za ta kalli mutanen Rantau Kelumbi, ƙofa ɗaya ce za ta rage musu, sikelin Haji Tamrin, su da 'ya'yansu. Ba a ƙwace gonar kowa ba, ba a daki kowa ba. Da hannunsu suka binne, suna godiya.

"Gonar Bak daban ce," ya ce. "Surukina ba zai yi asara ba, na yi miki alkawari."

"Wak Somad fa?"

"Ba Wak Somad zan aura ba."

Saura kaɗan in yi dariya. Kun ga irin masifar? Mutum yana tsaye a kan wuyan ƙauyenku, kuma har yanzu ya san inda dariyarki take.

"Ka tsayar da motar, Bang."

"Ba tawa ba ce."

"To ka zo gobe ka faɗa wa mutane da bakinka abin da na rubuta maka. Kai za su yarda da kai. Ni 'yar tauraro ce."

Ya shafa kai, ya kalli masallaci, ya kalle ni.

"Ki koma ciki, Dik. Za a neme ki."

Na koma. Gefen zanina duk taɓo. Na iske an kai gaɓar: akwatin yana gaban Bak, an warware yadin, Wak Zaleha ta turo shi da yatsu biyu tana murmushi. Mak ta hango taɓon, ta zaro mini ido. Ban koma bayan labule ba, na tsaya a bakin ƙofa inda Bak zai gan ni. Kai kawai na girgiza masa, kaɗan.

Bak ya ɗora hannu a kan murfin. Ya daɗe a haka, har kawun ya yi gyaran murya.

"Mun gode da wannan girma," in ji Bak. "A bar shi ya kwana a gidan. Akwai waɗanda ban shawarta ba."

Wak Zaleha ta gyara awarwaronta ɗaya bayan ɗaya.

"Ai babu gaggawa," ta ce. "Ganye ne dai, ba ya son jira, yana yaushi. Motar kuma da safe tana gonarka in sha Allah. Mu a wajenmu an riga an zama ɗaya."

Ko miyar ba su taɓa sosai ba. Suna sauka Mak ta juyo kaina. Ba zan rubuta muku duk abin da ta ce ba. Ta ce na zubar mata da mutunci a gaban masu zinariya. Ta ce karatu ya cinye mini kunya. Ta ce in Sahrial ya fasa, sai in auri kwamfutar in haifa mata ƙananan taswirori. Bak ya ɗauki akwatin ya ɗora a saman kabad, ya sa takalmi ya tafi masallaci. Bai ce zai hana motar ba. Bai ce ba zai hana ba.

Yanzu da nake rubuta muku wannan, safiyar Asabar ce. Ina zaune a kan kututture a gonar Bak, cikin wandon mai facin tayar. Tun da gari ya waye nake bin layi ina ɗaukar hoto da lokeshan a kunne. Wannan da nake kai, tsagarsa tana nan ƙarƙashin tafin hannuna, layi-layi, ga ɗan ƙarfen ya yi tsatsa a ciki. Amma hoto kaɗai ba ya isa, sai an zo an tarar da shi a inda ya tsiro. Kuma ni ɗaya ce. Ina jin katafilar tana ƙarasa ramin Wak Somad.

Ɗazu na ji takun mutum a bayana, na ɗauka Bak ne. Mak ce. Tsohon ɗaurin kanta na zuwa gona, fulas ɗin shayi a hannu, fuska a murtuke.

"Kin fito ba ki karya ba, don ki suma a ce ni na kashe ki."

Ta dangwarar da fulas ɗin. Ta tsaya tana kallon kututturen da ke kusa da nawa. Ta sunkuya, ta bi tsagar da babban yatsa, daga sama zuwa ƙasa.

"Wannan ba hannun ubanki ba ne," ta ce. "Shi nasa zurfi yake yi, yana ji wa itace ciwo. Wannan nawa ne. Kina bayana a goye, kina tsala ihu, sauro na cin mu." Ta miƙe. "Shi ne aka rubuta wai daji ne? Wai ba wanda ya taɓa aiki a nan?"

"Haka taswirar ta ce, Mak."

Ta ja tsaki mai tsawo. Ta kakkaɓe kan kututturen da gefen zaninta, ta zauna, ta miƙe ƙafafu.

"Kar ki ɗauka na huce," ta ce. "Zuba mini shayin."

Mu biyu ke nan. Bak yana gida da akwati a saman kabad, ban san me zai yanke ba. Sahrial ya turo saƙo yanzu: "Ina hanya. Kar ki yi abin da za mu yi nadama." Ban sani ba ko a gaban motar zai tsaya ko a bayanta.

Ku kuma na san ku. Yanzu za ku cika mini waya da "Idar, za ki aure shi?" Kar wanda ya tambaye ni. Rabinku 'ya'yan ƙauyukan bakin kogin nan ne, kuna Jambi, kuna Palembang, kuna Batam, kuɗin roba ne ya kai ku makaranta, kun san tsagar nan kamar yadda kuka san fuskar iyayenku. Kun ga jar taswira kun wuce, don ba ta da daɗin kallo. To motar ba a Rantau Kelumbi za ta tsaya ba, akwai irinta a hanyar garinku.

Ki rufe shafin nan yanzu, ke mai son soyayya. Kai ma haka. Ku kira gida. Ku ce kar a tone kututture ko ɗaya, kar a ƙona, kar a binne, ko wa ya kawo mota, ko kyauta ce. A kunna lokeshan a ɗauki tsagar, a turo mini. In tsohonku ya ce gobe ma rana ce, kar ku ajiye wayar sai ya yarda. Wanda kuma yake kusa, ya hau babur ya taho: bayan makabarta, gona ta biyu a hannun hagu. Injin ya juyo, ina ganin hayaƙinsa ta saman kwakwa. Kututturan suna da yawa, mu biyu ne. Ku zo ku zauna.